Ranar da na tare ƙofar janareta a Nasarawa

Mun tashi da asuba, amma tashin na suna ne kawai, domin motar ba ta bar tashar Gusau ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyarmu ya san dalili. Direba ya zauna a benci yana shan shayinsa, yana jiran motocin farko su shigo daga wajen Tsafe, sai ya ji daga bakin direbobinsu cewa hanya lafiya sannan ya saka makulli. Ni kuwa ina kujerar tsakiya rungume da jakar kwamfutata, ga mijina yana ta kira yana tambayar ko mun tashi. 'Yata na bar ta wurin Innarmu tana barci. Ban tashe ta mun yi sallama ba, don na san in ta ɓare baki to tafiyar ta fasu.

Masu bibiyata a nan sun san sana'ata, amma bari in faɗa saboda sababbi. Aikina shi ne ɗora manhaja a kan manyan na'urorin ofis, irin waɗanda ake kullewa a ɗaki mai sanyi ba mai ganinsu. Wani kamfanin kai mutane Umara da ke Kano ne ya kira ofishinmu. Suna da tsohuwar na'ura guda ɗaya da ke riƙe da duk tafiyar aikinsu: hoton fasfon kowane maniyyaci, shaidar rigakafinsa, inda takardarsa ta kai, wa ya sa hannu, wa ake jira. Na'urar ta tsufa, tana yawan sandarewa, ga azumi ya ƙarato ana gab da rufe karɓar takardun biza. Sun sayo sababbi guda uku, suna so a haɗa su su zama kamar guda, in ɗaya ta faɗi sauran su ci gaba da aiki ba tare da kowa ya sani ba. Mu a wurin aiki kulasta muke ce wa wannan haɗin. Aka tura ni tare da wani abokin aikina, mutumin da ko gobara ake yi sai ya gyara zaman hularsa kafin ya fita.

Daga Gusau zuwa Tsafe ba wanda ya yi hira a motar. Bayan mun wuce Tsafe da kaɗan sai direba ya rage gudu, ya gangara gefe, ya tsaya. Ba mu ga komai ba, ba mu ji komai ba. Titi ne fayau, ko babur babu. Wani ɗan kasuwa da ke bayana ya fara salati a hankali, matar da ke kusa da ni ta damƙe hannuna ba ta ma san ta yi ba. Muna nan zaune har wata tsohuwar motar itace ta ɓullo daga gaba tana tafiya da ƙyar, direbanta ya haska mana fitila ya ɗaga hannu. Sai a lokacin namu ya ja mota. Da ɗan kasuwan ya tambaye shi abin da ya gani, cewa ya yi bai ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya tsayar da shi, domin hanya irin wannan in ta yi shiru to akwai abin da ya tare ta a gaba.

A Funtua ne mutane suka dawo hayyacinsu. Muka sauka muka ci waina da miyar taushe wurin wata mata mai bakin magana, wadda ta ce da ganin fuskokinmu ta san daga inda muka fito. Wainar ta ƙanƙance, kuɗin ya ƙaru, amma da zafinta, na ci na ƙara. Abokin aikina ya sayi rake a Malumfashi ya dinga sha har Dayi, yana tara ɓawon a leda da ladabi kamar za a tambaye shi lissafinsa. Daga nan zuwa Gwarzo ramuka ne da shingayen jami'ai, kowane shinge da irin gaisuwar da yake so. Muka shigo ta Kabuga da la'asar, cikin cunkoso da hayaƙi da hon da ba ya ƙarewa, ni kuwa daɗi nake ji, don ko ba komai ga mutane.

Mai adaidaita sahu da ya ji mun ce Nasarawa GRA sai ya sake kallon takalmanmu, ya faɗi kuɗin da ya ga ya dace da unguwar. Muka ja, ya ja, muka shiga. Unguwar daban take da sauran Kano. Tituna ne masu faɗi, da manyan itatuwan maɗaci da mangwaro da suka girme ni, da katangu masu tsayi. Ba mai talla, ba yara a waje, ba wanda za ka tambaya hanya sai masu gadi da ke zaune a benci da rediyo a kunne. Ofishin kamfanin wani tsohon gida ne na zamanin Turawa da aka ɗora wa bene, da fili babba, da ɗakunan baya da ake kira boskwata, da ɗakin janareta can gefe kusa da katanga.

Manajan ofishin ne ya zagaya da mu, da tarin makullai a aljihun gabansa suna ƙara. Sababbin na'urorin uku suna wani ƙaramin ɗaki a babban gida, a kan inbata mai riƙe musu wuta in an ɗauke, komai tsaf. Tsohuwar kuma tana can boskwata, a ƙarƙashin tebur, da ƙaramin batirinta. Waya ce ta haɗa gine-ginen biyu, ta bi ta wani ƙaramin akwati da aka maƙala a baranda. Na ga akwatin, na ga inda aka jona shi a soket ɗin bango na gama-gari, na wuce abina. Da na tambayi manaja inda suke ajiye kwafin abin da ke cikin tsohuwar, sai ya sosa ƙeya ya ce wanda ya ɗora musu ita ya taɓa cewa zai yi, daga baya ya koma Legas. Innalillahi. Shekara da shekaru, takardun mutane, ba kwafi ko ɗaya. Ya ƙara da cewa fasfo ɗin ma an mayar wa masu su bayan an ɗauki hotonsu, sun watsu ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina. Sannan ya gargaɗe mu cewa kada a bar tsohuwar ta mutu farat ɗaya, domin in ta yi haka sai an yi ta lallashi kafin ta farka. Makullan ɗakunan biyu kuwa ba sa barin aljihunsa, dokar Alhaji mai kamfanin ce.

Na kwana a Tudun Wada wurin Goggona, wadda ta cika ni da tuwon shinkafa da tambayoyi. Har yau ba ta gane aikina ba. A wurinta duk wanda ke zaune gaban kwamfuta to sakatare ne, ta kuma ce in dage ko Allah zai sa su ɗauke ni aiki a Kano in huta da waccan hanya.

Da safe da na koma, na tarar da filin gidan cike da maniyyata a ƙarƙashin mangwaro, yawancinsu tsofaffi, sun zo jin inda takardunsu suka kwana. Wata tsohuwa ce ta fara kirana. Daga wani ƙauye take a wajen Ringim, tana zaune a tabarmarta da butarta da ƙullin gyaɗa. Ta ce an gaya mata likitocin injin sun zo daga Zamfara. 'Ya'yanta ne suka haɗu suka nema mata kujerar, ta ce tun mijinta na da rai take mafarkin ganin Ɗakin Allah, yanzu ƙafafunta sun fara ƙi, in ba bana ba ba ta san ko za su kai ta baɗi ba. Ta cusa min gyaɗa a hannu ta ce in duba mata nata da kyau. Na yi dariya na ce in sha Allahu, Iya.

Aka ba mu tebur a wani falo na ƙasa mai taga tana kallon fili. Abu na farko da na yi shi ne na sa manaja ya buɗe boskwata, na jona wa tsohuwar na'urar faifan ajiya, na sa ta fara kwafe kanta a ciki. Ta fara a hankali, kamar mai tauna tsakuwa. Manaja ya kulle ya mayar da makulli aljihu.

Irin aikinmu ba a yin sa da linzamin kwamfuta da hotuna masu kyau. Baƙin allo ne, ka rubuta umarni da hannunka, ka danna, na'ura ta aikata. Ba ta tambayar ka ko ka tabbata. Kuma da yake na'urori uku ne da dole komai nasu ya zama iri ɗaya, muna da wata dabara: sai ka raba allon gida uku, kowace na'ura da tagarta, ka ɗaure tagogin wuri ɗaya, duk abin da ka rubuta sau ɗaya ya tafi wa dukkansu. Ta cikin na'ura ta farko muka buɗe tagogin, don ko kwamfutata ta mutu aikin ba zai yanke ba. Haka muka ɗora manhajar, muka naɗa ta farko mai kula da sauran, muka shirya rumbun da za su riƙa ajiya tare. Da muka zo shigar da ta uku cikin haɗin sai ta ƙi. Muka bincika, ashe wanda ya sayar musu ya bar agogonta a baya, sauran biyun suka ƙi yarda da ita. Muka gyara agogon, amma rabin shirin ya riga ya cakuɗe. Abokin aikina ya ce mafi sauƙi a share wurin ajiyar manhajar a duka ukun a sake daga farko, na ce haka ne.

Kafin nan, tun wajen hantsi, na buɗe taga ta huɗu ƙarama a ƙasan allon, ta tsohuwar na'ura, don in riƙa leƙa yadda kwafin yake tafiya. Abin da ban tuna ba shi ne duk tagar da ka buɗe a wannan allon ta shiga ɗaurin. Kuma manhajar iri ɗaya ce, wurin ajiyarta sunansa ɗaya a tsohuwa da sababbi.

Bayan azahar ne. Manaja ya tafi masallaci daga nan ya ce zai biya wani wuri. Alhaji yana sama da baƙi. Na fara rubuta umarnin sharewa, irin wanda ke kwashe komai ba ya barin ko ƙura. Ina tsakiyar rubutu aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, amma kwamfutata da sababbin na'urorin suna kan batir, don haka ko a jikina. Na ƙarasa rubutun, na danna.

Tagogi uku suka amsa, suka dawo suna jiran umarni na gaba. Ta huɗun ce ta ja idona. Rabin umarnina na nan a cikinta, ya tsaya a tsakiyar kalma, ba ya gaba ba ya baya.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na nuna wa abokin aikina da yatsa. Ya duba, ya ajiye dabinon da ke hannunsa, karo na farko tun da na san shi na ga fuskarsa ta canza. Mu biyun mun gane abu ɗaya a lokaci ɗaya. Akwatin nan na baranda ne ya mutu da aka ɗauke wuta, shi ya yanke hanya tsakanin gine-ginen. Sauran rabin umarnin, har da dannawar, bai ɓace ba. Yana nan a cikin na'ura ta farko yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana jiran hanya ta buɗe. Da zarar wuta ta dawo wa akwatin zai wuce, tsohuwar kuma za ta yi abin da aka ce mata. Ko tagar muka rufe ba lalle ya fasa tafiya ba. Ɗakin sababbin a kulle, boskwata a kulle, akwatin da soket ɗinsa ma suna cikin kejin ƙarfe a kulle, makullai suna yawo a cikin gari. Kwafin kuwa ko rabi bai kai ba.

Ta tagar falon na hango mai kula da janareta, wani dattijo ɗan wajen Gumel, ya ajiye rediyonsa ya nufi ɗakin injin da saurinsa. Tun jiya manaja ya ba mu labarinsa da alfahari, wai a duk layin ba gidan da ke riga su tayar da inji, don Alhaji ba ya son baƙo ya ji zafi a ofishinsa ko na ɗan lokaci.

Abokin aikina ya jawo kwamfutar gabansa ya ce zai kwance ɗaurin tagogin, ya toshe hanyar daga cikin na'ura ta farko, ya kashe saƙon a inda yake, amma sai ya bi a hankali don kada ya ƙara wata ɓarnar. Ya ce in samo masa lokaci. Ban tsaya neman takalmi ba. Na fita a guje, hijabina ya kama marfin ƙofa na fizge shi, na ratsa ta tsakiyar maniyyata ina tsallake butoci, na isa ɗakin janareta daidai dattijon ya kama ƙofar. Na shiga tsakaninsa da ita na baje hannuwa.

Ya ja da baya yana kallona kamar ya ga mai taɓin hankali. Na ce Baba don girman Allah kada ka tayar. Ya ce Hajiya matsa, aikinsa ne, shekarunsa a gidan nan ba a taɓa kiran sunansa sau biyu a kan wuta ba. Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, amma me zan ce? Kalmomin da ke fitowa daga bakina ni kaina ba na gane su. Janaretocin maƙwabta suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya tashi sai dattijon ya ƙara shiga damuwa, yana leƙen bene. Daga boskwata kuma ina jiyo kukan ƙaramin batirin tsohuwar na'urar, ƙit, ƙit, yana gaya min cewa shi ma ba zai jira ni har abada ba. In an tayar da inji takardu su tafi, in an daɗe ba a tayar ba na'urar ta mutu farat ɗaya. Na jingina da ƙofar ƙarfen, zafinta yana cin bayana ban ma damu ba.

Sai ga Alhaji ya sauko, babbar riga a kafaɗa, gumi a goshi, baƙinsa biyu a bayansa. Bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya tambayi dattijon abin da ake jira, dattijon ya nuna ni. Alhaji ya dube ni daga ƙafafuna marasa takalmi har sama, ya ce Injiniya lafiya? Tsofaffin nan kowa ya juyo.

Wallahi na so in ce matsalar wuta ce, ko in ce injin zai ƙona na'urorin, da ba wanda zai gane. Amma ƙarya tana buƙatar natsuwa, ni kuma ba ni da ita. Na ce, "Alhaji, ni na yi kuskure. Na aika umarnin da zai goge takardun mutanen nan gaba ɗaya, rashin wuta ne kawai ya tare shi a hanya. In aka tayar da injin nan yanzu, sun tafi, kuma babu kwafi."

Na ga maganar ta bi ta cikin mutane. Wani tsoho ya miƙe tsaye, wata ta ɗora hannu a ka tana salati. Fuskar Alhaji ta ɗaure. Ɗaya daga cikin baƙinsa ya ce wannan ai zancen banza ne, ta yaya rashin wuta zai tsare abin da ke cikin kwamfuta, a tayar da inji a kira wanda ya san aiki. Na ga Alhaji yana auna maganar, na ga dattijon ya matso da hannunsa wajen ƙofar. Hawaye ne kawai suke zubo min.

Tsohuwar nan ta Ringim ce ta tashi. Da ƙyar ta miƙe, ta jawo tabarmarta a ƙasa, ta ratso fili ba ta kalli kowa ba, ta shimfiɗa ta a bakin ƙofar janareta a gabana, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta. Ta ciro carbinta. Can sai wata tsohuwar ta biyo ta, sai wani malami mai farin gemu ya zo ya tsuguna a gefe. Alhaji ya dubi sa'o'in mahaifiyarsa zaune a rana a bakin ɗakin inji, ya sauke numfashi, ya ce wa dattijon ya dakata. Ya juya ya ce wa baƙinsa su yi haƙuri su sha iska a baranda.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Na dai san kukan batirin ya fara sauri, kuma duk addu'ar da na iya na karanta ta har na koma maimaitawa. Sai na ji muryar abokin aikina daga taga yana cewa an toshe, a tayar. Muka taimaka wa tsofaffin suka matsa, dattijon ya shiga, inji ya yi tari ya kama.

Komawata falon ta fi fitowata wuya, domin har yanzu ba mu san gaskiya ba. Mai yiwuwa ne umarnin ya riga ya isa kafin hanyar ta yanke, amsar ce kawai ba ta dawo ba. Muka jira akwatin baranda ya farka. Abokin aikina ya buɗe sabuwar taga, ita kaɗai, ba a ɗaure da komai ba, ya turo min kwamfutar. Na ce shi ya duba. Ya ce a'a, ke za ki duba. Na nemi jerin abin da ke wurin ajiyar. Allon ya cika da sunaye, suna ta gangarowa. Kwafin ma yana nan yana tafiyarsa a hankali kamar ba abin da ya faru. Na buɗe manhajar na leƙa ta tagar falon na tambayi tsohuwar nan ta Ringim cikakken sunanta, na rubuta. Sai ga hotonta, ɗankwali ya karkace, ta zare ido wa mai ɗaukar hoto, takardarta saura sa hannu ɗaya. Na kifa kaina a tebur na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Ranar ba mu sake taɓa komai ba sai da kwafin ya kammala, muka gwada shi, muka yi na biyu. Washegari muka sake haɗin daga farko, na ukun ta shiga lafiya, muka kwaso takardun daga tsohuwar zuwa sababbin. Muka gwada a gaban manaja: ya zare wa ɗaya wuta da hannunsa, ma'aikata suna ta aikinsu ba wanda ya ɗago kai. Akwatin baranda kuma muka mayar da shi kan inbata. Alhaji bai sake kirana Injiniya ba. Ya sa manaja ya jawo kujera ya zauna kusa da ni har muka gama, ya kuma kira shugabanmu a Gusau, wanda ya ce in mun dawo in same shi a ofis. Ban ga laifinsa ba. Dattijon janareta na same shi na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma ranar ce ta farko da gidan gaba ya riga shi, kuma mai gadinsu ba zai bar shi ya manta ba.

Da za mu tafi na tarar da tsohuwar a bakin ƙofa tana jiran jikanta ya zo ɗaukarta, an sa mata hannun da ya rage. Ta riƙe hannuna ta tambayi sunana da na mahaifiyata, ta ce za ta ambace mu a can. Kunya ta kama ni. Na ce Iya, ina jin ba ki gane ba, ba ceton ku na yi ba, ni ce na kusa hana ki tafiyar.

Ta ce, "Na gane sarai, 'yata. Ai a gabanmu kika faɗa da bakinki. Da cewa kika yi laifin injin ne, da ban tashi daga inuwata ba."

Mun kamo hanyar gida da sassafe, ta Gwarzo da Dayi da Funtua kamar yadda muka zo. Abokin aikina ya sake sayen rakensa, bai kuma ta da maganar ba ko sau ɗaya, Allah ya saka masa. Bayan Funtua motar ta sake yin shiru, kowa ya zuba wa titi ido yana ƙirga motocin da ke tahowa daga gaba a zuciyarsa. Wannan karon ba su yanke ba har muka shiga Gusau.

Abin da na ɗauko daga tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Ba na sake rubuta umarnin sharewa sai kwafi ya kammala na gwada shi, ko da za a wuni ana jirana. Duk tagar na'urar da ke riƙe da kayan mutane yanzu ja nake mayar da ita, kuma ba ta zama allo ɗaya da tagogin da aka ɗaure. Na bar gida ina tsoron daji da masu bindiga, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da zai fi firgita ni yana cikin yatsuna ba, a falo mai labule a tsakiyar Nasarawa.

Na samu 'yata a ƙofar gidan Innarmu tana wasa da ƙasa. Ta ƙi kula ni don na tafi ban gaya mata ba, sai da na ciro sauran gyaɗar tsohuwar daga jakata sannan ta zo. Gobe da safe zan shiga ofishin shugabanmu, kuma abin da na faɗa a bakin ɗakin janareta shi zan faɗa masa.